Hannun Verna a Madubi

Crosby, Dakota ta Arewa, ƙarshen Agusta

'Yata Maren,

Ni da mamanki muna gaishe ki, da fatan sanyin Alaska bai fara cin ƙashinki tun yanzu ba. Mu dai muna nan yadda kika bar mu. Gwiwar hagu tana nan da halinta. Kunne kuwa kin san shi, shi ya sa na ɗauki biro, don in na kira ki a waya sai in yi ta "iye? iye?" har ki gaji ki ajiye. Mamanki tana ci tana barci. An gama yankan alkama, mutumin da muka ba hayar gonar ya ce bana ta yi kyau.

Shawara nake nema, kada ki yi dariya. Ke tun kina ƙarama littafi kika sani, ba ruwanki da ƙarafa, don haka bari in tuna miki. A-kori-kurar nan tamu gajeren bodi gare ta. In aka ɗora hancin tirelar da muke kwana a ciki a kan farantin ƙarfen da ke cikin bodin, wanda ake jan ta da shi, hancin yana dab da kan motar. A miƙaƙƙiyar hanya ba komai. Amma in za a sha kwana mai tsanani, ko a yi ribas a matsatsi, dole a ja liba a zame farantin baya tukuna, in ba haka ba kusurwar tirelar ta daki gilashin baya. Mamanki ce ke jan libar nan tun kina jami'a. Ta sauka, ta ja, in ɗan gusa gaba, in farantin ya kulle ta ɗaga min hannu a madubi.

To, a dawowarmu cikin Afrilu daga Yuma, can kudu inda muke gudun sanyi, a wani gidan mai a Wyoming, gilashin ya tafi. Ta sauka kamar kullum, na ga hannunta a madubi, na karya sitiyari, sai ga gilashi ko'ina har cikin kofin gahawata. Ba wanda ya ji ciwo. Amma layin ƙarfen da farantin ke zamewa a kai ya lanƙwashe, Lowell mai walda ya ce ba ya gyaruwa, sai sabo.

Iri biyu ne a shagonsa. Akwai irin namu na da, mai liba. Akwai wani sabo mai zamewa da kansa: kana fara karya sitiyari shi ma yana ja da baya, ba mai sauka, ba mai ɗaga hannu. Nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi, amma motar za ta ɗauka. Lowell ya ce, "Haba Orval, me za ka tsaya tunani? Tsoho, ga kurumta, ga gwiwa. Ɗauki wannan ka tafi ka ba ni wuri." Na je shagon na dawo, na sake komawa na dawo, ban ɗauki komai ba.

So nake mu kama hanyar kudu farkon Nuwamba kafin dusar ƙanƙara ta rufe mu, kamar kowace shekara. Mamanki har ta fara jera kwalaben tumatir a bakin ƙofa. Ke me kika gani?

Babanki,
Orval


Togiak, Alaska, tsakiyar Satumba

Baba,

Ina gaishe ku da kyau, kai da Mama. Lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da yaran ajina suka yi min maraba da shi. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, hazo ya hana jirgin wasiƙu sauka kwana da kwanaki. Na gode Allah da gilashi kawai ya fashe. Ka riƙa shafa wa gwiwar nan maganin da na aiko, na san yana nan a kan firji ko buɗe shi ba ka yi ba.

Baba, kai da ka taɓa tayar da injin girbi da filaya da guntuwar waya, yau ni kake tambaya zancen ƙarfe? Sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin malamai. Lowell ya yi gaskiya. Ka sayi mai zamewa da kansa, ka huta, Mama ma ta huta da sauka cikin iska da ƙura. Da wannan ba ka bukatarta a aikin nan kuma, sai ta zauna abinta a mota ta yi saƙarta.

Iyayen yara sun cika min firji da kifi, har ban san yadda zan yi da shi ba. Ka ce wa Mama ta ajiye min kwalba biyu na tumatir. Zan rufe nan, matuƙin jirgi yana jira.

'Yarka,
Maren


Togiak, farkon Oktoba

Baba,

Ina fata kuna lafiya. Ni kam jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba. Jirgi ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, babu wasiƙarka. Kai ba ka taɓa yin haka ba.

Ranar Lahadi na kira gida, Mama ta ɗauka. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi aiki. Can sai ta ce, "To Solveig, yaushe za ki zo ki ga jaririyar? Ta fara zama fa." Baba, Goggo Solveig ta rasu ina firamare. Jaririyar kuma ni ce. Na ce, "Mama, Maren ce." Sai ta yi dariya ta ce, "Na sani mana, ke ma dai." Ta ce kana gareji ba za ka ji kira ba. Na ajiye wayar.

Na ɗauko wasiƙarka na sake karantawa a hankali. Ka rubuta cewa ka ga hannunta a madubi. Ba ka rubuta cewa ta ja libar ba. Karon farko na bi ta kan wurin a guje, na ɗauka zancen ƙarfe kake yi min.

Tun yaushe ne? Likita ya gan ta? Me ya sa ka bar ni ina dariya a ɗakin malamai? Raina ya ɓaci da kai, Baba, kuma tsoro nake ji. Don Allah kada ku tafi bana. Tafiyar kwanaki ce, kai ba ka ji, ita kuma ga yadda take. In ta sauka a wani gidan mai ta miƙe ta bi titi, kai kana kallon wani gefen fa? Ku zauna a gida, a samu wata ta riƙa zuwa tana zama da ita. In abin ya fi haka, akwai gidajen kula da tsofaffi masu kyau a Williston, zan rubuta musu da kaina. Ka manta da maganar faranti. Ka amsa min ko da layi ɗaya ne.

Maren


Crosby, tsakiyar Oktoba

Maren,

Muna lafiya. An fara sanyi, agwagin daji sun wuce kudu. Na buɗe maganin gwiwar, wari gare shi.

Wasiƙunki biyu sun zo. Ta farkon a tsaye na karanta ta a bakin akwatin wasiƙu. Da na kai wurin da kika ce ba na bukatarta, na ninke na sa a aljihu. Na daɗe ban ɗauki biro ba, don abin da zan rubuta a lokacin ba magana ce ta uba da 'ya ba. Na san ba haka kike nufi ba. Amma haka na ji shi, kuma ya yi min ciwo ƙwarai.

Kin san me ya sa ita ke sauka ba ni ba? Ba lalaci ba ne. In farantin ya kai baya ya kulle, ƙara yake yi, ƙas. Ni rabona da jin wannan ƙarar tun ina kan tarakta. Ita ke ji, ta ɗaga hannu. Ban taɓa leƙawa in tabbatar ba, ko sau ɗaya, don ba ta taɓa kuskure ba.

Ga abin da ya faru a Wyoming. Ta sauka ta zagaya, na gan ta a madubi ta dafa bodin ta tsaya tana kallon libar. Na ɗauka ta riga ta ja. Na riƙe birkin tirela na gusa, wurin tsakuwa ne, tayoyin suka ja ƙasa, na zaci farantin ne ya zame. Ta ga na tsaya ina kallonta, sai ta ɗaga hannu. Bayan gilashin ya zube ta zo ta buɗe ƙofata, tana kakkaɓe min gutsattsarin daga wuyan riga, ta ce, "Orval, me na sauka in yi?" Muka toshe tagar da kwali muka ci gaba. Da muka shiga Montana ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Kada ka faɗa wa Maren, aiki ya yi mata yawa." Na ce to. Abin da ya ɗaure min baki ke nan.

Likita a Minot ya gan ta cikin Yuni. Ciwon mantuwa ne, ya ce ba ya komawa baya, sai dai ya yi sauri ko ya yi a hankali.

Saƙar da kika ce ta zauna ta yi, ta bar ta. Sai ta yi layi uku ta warware, ta rasa inda take. Ta bar ƙungiyar mawaƙan coci da kanta. Gurasar dankalinta da duk Crosby ke magana, rannan na tarar da ita ta zuba gari a kwano ta tsaya tana kallonsa. Abu ɗaya bayan ɗaya ake karɓe mata, tana gani. Amma kullum da safe sai ta je gareji inda na jingine tsohon farantin, ta goge libar da tsumma, ta ce, "Yaushe za mu tashi, kurma?" Kuma in muna hanya, ita ke faɗa min inda za mu karya, da inda ake sayar da gahawa mai kyau, da sunan karen masu wurin da muke yada zango a Utah. A cikin gidanta take ɓata, Maren. A hanya ba ta taɓa ɓata ba sai wannan ranar.

To ga inda na tsaya. In na sayi mai liba, wata rana ba gilashi ne zai fashe ba, tana iya shiga tsakanin mota da tirela ni ban sani ba. In na sayi mai zamewa da kansa, za ta sauka a gidan mai na farko, ta kai hannu ta ji babu komai, ta juyo ta dube ni a madubin nan. Wannan kallon nake gudu. Shi ya sa nake zuwa shagon Lowell ina dawowa hannu rabbana, har ya fara ce min in za ni zama ne in riƙa zuwa da kujerata.

Maganar Williston kada ki sake kawo min ita bana. Baɗi ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma bana za ta ga rana a Yuma, in Allah ya bar mu da rai. Yadda zan kai ta ba tare da na karya ta ba, shi ne ban gano ba.

Babanki


Togiak, ƙarshen Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka, ka gaishe min da Mama ka riƙe mata hannu a madadina. Lafiyata lau. Allah ya sa wannan ta riske ku kafin ku tashi, na roƙi matuƙin jirgi ya jefa ta da hannunsa a akwatin gidan waya na Dillingham.

Ka yafe min. Na rubuta wannan layin ne ina sauri, ban san a kan me nake takawa ba. Na yi kuka da na karanta taka, na kuma ji kunyar kaina. Har yanzu ina tsoron tafiyar nan, ba zan ɓoye ba. Amma kai ke tare da ita safe da yamma, ni sau ɗaya na ji muryarta a waya na yanke hukunci.

Tun da wasiƙarka ta zo nake tuna wani abu. In Kirsimeti ta matso Mama na yin gurasar dankali, nakan dame ta da kuka sai na yi tawa. Sai ta ba ni ɗan kwano da gari da ruwa da ƙaramar muciya, ta tsayar da ni a kan kujera nesa da kasko. In yi ta damawa har in yi fari fat. In an zauna cin abinci sai ta ɗauko guda ɗaya ta ce, "Wannan ta Maren ce," kai kuma ka ci kana lumshe ido kana cewa ta fi ta mamanta. Sai da na yi wayo sosai na gane kaji ake zuba wa nawa. Ban taɓa jin haushi ba. Abin da na sani shi ne ina cikin masu aiki a kicin ɗin nan, kuma ban taɓa ƙonewa ba.

Ni ban san ƙarfe ba, Baba. Amma tsohuwar libar tana nan, Lowell kuma yana da wutar walda. Ka nuna masa wannan in ka ga dama.

Abu biyu nake roƙo. Duk inda kuka yada zango ka jefa min kati, ko "mun iso" kawai ka rubuta. Sannan ku gyara min gadon baya, na nemi hutu, a Yuma zan yi Kirsimeti.

'Yarka,
Maren


Yuma, Arizona, ƙarshen Nuwamba

'Yata,

Mun iso lafiya. Katunan da na jefa miki wataƙila su riga wannan, wataƙila ta riga su, ya danganta da hazonku. Gwiwa ta ji rana ta yi shiru. Mamanki na zaune a waje yanzu haka, ta cire takalmi, tana faɗa da tsuntsaye.

Na sayi mai zamewa da kansa. Na kai wa Lowell wasiƙarki, ya karanta har ƙarshe. Sannan ya ce, "Tun da nake walda ban taɓa haɗa abin da ba ya aikin komai ba." Na ce, "Ƙarya kake, ƙofar makabartar coci da ka haɗa fa?" Ya zage ni, ya fyace hanci, ya kunna wuta. Ya yanko tsohuwar libar ya kafa ta a gefen bodin, ta wajen madubina, nesa da duk abin da ke motsi. Ya sa mata sifirin mai ƙarfi da ɗan maƙali, yadda sai an sa ƙarfi take jawuwa, kuma ta yi ƙas ɗin nan. Shi ya ce ta yi, ni ban ji ba. Na ce wa mamanki sabon farantin yana da doka: in ta ja ta ɗaga hannu, sai ta dawo ta zauna ta rufe ƙofa kafin in motsa. Ta ce, "Komai na zamani sai iyayi."

Gidan mai na farko mai matsatsi a Dakota ta Kudu ne. Tun kafin in tsaya ta fara saka safar hannu. Ta sauka ta zagaya, ta dafa bodin. Ta ɗan tsaya, kamar yadda ta yi a Wyoming. Sai ta kama libar da hannu biyu ta ja, ta karkata kai tana saurare, ta ɗaga hannu sama yadda ta saba, yatsu a buɗe. Ta dawo ta zauna. Na karya sitiyari har ƙarshe, farantin ya ja baya da kansa, kusurwar tirelar ta wuce gilashin da tazarar tafin hannu. Ta ce, "Ka gani? Da ba na nan da ka sake fasa shi, kurma." Na ce gaskiya ne. Na yi kamar rana ce ta shigar min ido.

Ba kullum ne daidai ba. A Utah ta farka ba ta san tirelar ba, ta ce in mayar da ita gida wajen babanta. Na zauna da ita har ya wuce. Amma libar ba ta tsallake ta ko sau ɗaya ba, har nan.

Abu ɗaya ke damuna, ke kaɗai zan faɗa wa. Tun da na auri matar nan ban taɓa yi mata ƙarya ba, sai yanzu da tsufa, kuma kullum nake yi. In ta ɗaga hannun nan daɗi nake ji har cikin raina, sannan in ji kamar na cuce ta. Na faɗa wa Ubangiji, shi ya san abin da na nufa.

Na ce ta sa hannu a ƙasan wannan, ta ce ita ba 'yar rakiya ba ce, in ba ta takardarta da ambulan ɗinta. Ta liƙe da kanta, ga shi nan a ciki, ban buɗe ba. In kin ga abin bai haɗu ba kada ki damu, haka rubutunta yake yanzu. Gadon baya na jiranki.

Babanki,
Orval


Maren 'yata,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, ina cin lemo daga bishiya. Yau kaina garau yake, don haka bari in yi sauri kafin ya rufe.

Libar nan ba a haɗe take da komai ba. Na leƙa tun ranar farko a gareji. Waldar Lowell ce, na san hannunsa, kullum sai ya bar ƙulli a ƙarshe. Dabarar kuwa na san daga kicin ɗin da ta fito, ja'ira.

Kada ki faɗa wa babanki na sani. Ba ki ga yadda yake kafa wa madubin nan ido ba. In na ɗaga hannu sai in ga kafaɗunsa sun sauko. Abin da ya rage min in yi masa ke nan, kuma ina yi da kyau.

Wata rana zan manta cewa ba a haɗe take ba. Ba komai, ranar ma zan ja ta.

Ki zo da rigar sanyi, da yamma ana iska. In kin zo na kira ki da wani suna, ki amsa kawai. Ke nake nufi.

Mamanki,
Verna